FILIN KIWO: Ƙadangare Mai Gemu, Wace Shimfiɗa Za a Yi Masa?

 Mun saba kawo muku bayani a kan kaji da zabbi da tantabaru da ragunan layya, amma a wannan wata za mu ɗan ratse, mu yi magana a kan wata dabba wadda da kakanninmu za su ji ana sa kuɗi ana sayenta, da sun riƙe baki. Wannan dabba kuwa ita ce ƙadangare mai gemu, ɗan ƙasar Ostireliya.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin zango da kiwon ƙadangare, ga su nan birjik a jikin katanga ba mai kallonsu? To, dalili shi ne, 'ya'yanmu da jikokinmu da ke zaune a Landan da Hambog da Niyok suna shiga kantunan sayar da dabbobin gida, suna ganin wannan ƙadangare, suna yi wa iyaye naci har a saya musu. A nan gida Gana ma akwai samarin da sha'awarsa ta kama. Kuma duk wanda ya sa rai a cikin akwati ya rufe, ci da sha da lafiyar wannan rai sun hau kansa, ko da kuwa na ƙadangare ne. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayanin yadda ake shirya masa mazauni, musamman abin da ake shimfiɗa masa a ƙasa, domin a nan ne masu kiwo suka fi yin gardama, a nan ne kuma ake yawan yin asara.

KO WANE NE ƘADANGARE MAI GEMU?

Masana suna kiransa Pogona vitticeps, kuma wani Bajamushe mai suna Ernst Ahl ne ya ba shi suna a rubuce a shekarar 1926. Dangi ɗaya suke da jan gwadan nan namu mai gyaɗa kai a kan dutse, shi ya sa shi ma za ka ga yana gyaɗa kai in yana nuna isa. Gemun da ake faɗa ba gashi ba ne, wata fata ce mai ƙayoyi a maƙogwaronsa, wadda yake kumburawa ta yi baƙi ƙirin in ya fusata ko ya tsorata. Babba yakan kai santimita 45 zuwa 60 daga baki zuwa ƙarshen wutsiya. In ya sami kulawa yakan yi shekara 10 a duniya, wani ma ya wuce haka. Ashe ke nan yaron da aka saya wa shi yana aji uku na firamare zai iya gama sakandare ƙadangaren yana nan.

Tun cikin shekarun 1960 gwamnatin Ostireliya ta hana fitar da namun dajinta domin ciniki. Watau waɗanda ake sayarwa a Turai da Amurka, a can aka ƙyanƙyashe su, ba su taɓa ganin dajin kakanninsu ba. Amma jikinsu bai manta ba. Asalinsu busassun yankunan tsakiyar Ostireliya ne, inda ake da rana mai ƙuna da ƙananan itatuwa da ciyayi jefi-jefi. A garin Alis Sifirins da ke tsakiyar ƙasar, ruwan saman shekara guda ba ya kai milimita 300 a bisa al'ada, alhali kuwa a Kumasi yana wuce milimita 1,200. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin za mu dawo gare shi.

Mu ma a nan ba baƙi ba ne a wannan ciniki. Damo ɗin nan da muke yi wa kirari da sarkin haƙuri, daga Gana da Togo da Binin ake ɗibarsa ana kai wa Turawa su kiwata, kuma da yawa ba sa yin tsawon rai a can saboda an raba su da irin zafi da ƙasar da suka saba. Abin da ke samun damonmu a can, shi zai sami ƙadangaren Ostireliya a hannunmu in muka yi sakaci.

A FARA DA AKWATI

Kada a sayi ƙadangare kafin a gama akwati. A gama, a kunna fitilu, a yi mako guda ana auna zafi safe da rana da dare, sa'an nan a je a ɗauko shi. Wanda ya sayi doki kafin ya kafa turke, shi ya jawo wa kansa wahala.

Mafi ƙanƙantar akwatin da ya dace da babba shi ne mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. In da kafinta za ka yi magana, ka ce masa ƙafa 4 da ƙafa 2 da ƙafa 2. Wannan shi ne awon da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Ingila, watau RSPCA, take bayarwa, kuma in an sami wanda ya fi haka girma, ya fi. Ɗan ƙaramin akwatin gilashin da masu kanti suke haɗawa da jaririn ƙadangare, cikin 'yan watanni zai yi masa kaɗan, sai a sake kashe wani kuɗin. Gara a yi babba tun farko.

Kafintocinmu za su iya yin sa da falankin filawud, a sa gilashi mai zamewa a gaba. A shafe katakon da banish mai haɗin ruwa, a bar shi ya sha iska har warin ya fita sarai. A huda tagogin iska manya a sama da gefe, a rufe su da ragar waya. Ƙofa ta kasance a gaba, domin wannan dabba tana da wani ɗan ido a tsakiyar kai mai gane inuwa, kuma a daji duk abin da ya zo mata ta sama shaho ne. Hannun da ya sauko ta sama yana firgita ta.

Haka nan kuma, ƙadangare ɗaya akwati ɗaya. Ba shi kewa, ba shi neman abokin hira. Maza biyu za su yi ta faɗa, babba kuwa yakan cije wa ƙarami yatsu ko wutsiya, ko ya hana shi wurin shan zafi har ya rame. In ka ga ɗaya ya hau bayan ɗaya sun kwanta, ba zumunci ba ne, na sama ne ya ƙwace haske.

ZAFI DA HASKE SU NE GABA DA KOME

Mun sa wannan kafin maganar shimfiɗa da gangan, domin shimfiɗa ba ta da wani amfani in zafi da haske ba su daidaita ba. Ƙadangare ba ya samar wa jikinsa ɗumi kamar akuya ko kaza. Da zafin rana yake narkar da abinci. In cikinsa bai ɗumama ba, abin da ya ci sai ya tsaya cik.

Akwati ya kasance yana da gefen zafi da gefen sanyi. A gefe guda a rataya ƙwan fitila mai zafi a saman wani faffaɗan dutse, zafin kan dutsen ya kai digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyos. Ɗaya gefen kuma ya tsaya wajen digiri 22 zuwa 26. Ta haka dabbar za ta riƙa kai da komo, in ta ji zafi ta koma inuwa, kamar yadda jan gwada yake yi tsakanin katanga da gindin bishiya. A sa ma'aunin zafi biyu, ɗaya a kowane gefe, a kuma haɗa fitilar da na'urar nan mai rage wuta da kanta in zafi ya yi yawa. Kada a dogara da taɓawa da hannu. Dutsen roba mai waya a ciki wanda ake sa wa lantarki ya yi zafi, a guje shi, yana ƙona musu ciki ba su sani ba.

Sai fitila ta biyu, wadda ita ce mutane suka fi mantawa. Cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, ana kiransa UVB. Da shi fatar ƙadangare take yin bitamin D3, da bitamin ɗin kuma jiki yake tsotsar sinadarin kalsiyam daga abinci ya gina ƙashi. In babu shi, ƙashi sai ya yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su karkace, jiki ya riƙa rawa. Wanda ya lanƙwashe kuwa ba ya miƙewa. Doguwar fitila ake so, irin wadda ake kira T5, mai ƙarfin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, wadda za ta kama rabi ko kashi biyu cikin uku na tsawon akwati, a gefe ɗaya da fitilar zafi. A bi tazarar da kamfanin ya rubuta a jikin kwali. A sani cewa gilashi yana tare wannan haske ƙaf, raga mai ƙananan ido ma tana rage shi, saboda haka ajiye akwati a bakin taga ba ya wadatarwa. A kuma canja fitilar bayan shekara guda ko da tana kamawa, domin ƙarfin UVB ɗin yana ƙarewa tun ido yana ganin haske. Awa 12 a kunne, awa 12 a kashe. Da dare a bar shi cikin duhu, ba jar fitila, ba shuɗiya.

TO, MECE CE MATSALAR YASHI?

Yanzu mun zo kan ainihin maganarmu. Ƙadangare mai gemu da harshe yake binciken duniya, kome ya gani sai ya lasa. In kuma ya kai wa gyare cafka, yakan haɗa da abin da ke ƙasa. Ɗan abin da ya haɗiya, in yana da lafiya, cikinsa a ɗume, jikinsa da ruwa, zai fita tare da kashi. Amma in akwatin ya yi sanyi, ko yana fama da ƙishirwa, ko tsutsar ciki, ko ƙarancin kalsiyam, sai hanji ya yi nauyi, abin ya taru ya cushe. Daɗin daɗawa, wanda kalsiyam ya yi wa ƙaranci yakan riƙa cin ƙasa da gangan. Wannan shi ne toshewar hanji, kuma yana kisa.

Alamunsa su ne: ya yi kwanaki bai yi kashi ba, ya ƙi abinci, ciki ya kumbura ya yi tauri, ya yi ta yunƙuri ba abin da ya fito, wani lokaci ma ya riƙa jan ƙafafun baya. In an ga haka, a kai shi wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba. Kada a matsa masa ciki da ƙarfi, kada a ɗura masa maganin mutane.

Daga nan mai karatu zai gane dalilin gardamar da masu kiwo suke yi. Wasu sun ce a haramta yashi baki ɗaya. Wasu kuma sun ce ai a daji a kan ƙasa yake rayuwa, ba a kan tayil ba. Mu a namu ganin, kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Ƙasar da yake takawa a Ostireliya jan rairayi ne wanda rana da yumɓu da saiwoyin ciyawa suka daddale, har yana iya haƙa rami a ciki bai rufta ba. Ba irin tulin yashin nan mai zubewa da ake zanawa a jikin buhunan kanti ba ne, mai raƙumi da dabino. Yashi shi kaɗai bai cika kashe lafiyayyen babba ba. Yashi tare da sanyi da rashin haske, a cikin ɗan jariri, shi ne ajali.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Na ɗaya, yashin kalsiyam na kanti, wanda sau da yawa ake rina shi ja ko shuɗi, a rubuta cewa yana narkewa a ciki. Ɗanɗanonsa yana jawo dabbar ta riƙa lasa, in kuma ya jiƙe sai ya dunƙule. Tsadarsa ba ta sa shi zama mai kyau.

Na biyu, niƙaƙƙen ɓawon gyaɗar Turawa da niƙaƙƙen totuwar masara, waɗanda su ma ake sayarwa a buhu. Na farko yana da kaifi, yana yankar hanji, na biyu kuma yana kumbura in ya sha ruwa, yana yin fumfuna.

Na uku, dusar katako da ɓarzar da ake kwasowa a wurin masu yankan katako. Mun san ita muke zuba wa kaji, kuma kusan kyauta ce ga mutanen Kumasi, amma ba ta dace da ƙadangare ba. Ba ta narkewa a ciki, tana tayar da ƙura, itatuwan Turai masu ƙanshi irin su fayin da sida suna da man da ke cutar da numfashinsa, katakonmu na nan kuma ba ka san wane maganin gara aka fesa masa ba.

Na huɗu, tsakuwa da ƙananan duwatsu irin na tukunyar kifin ado, da ƙasar da ake zuba wa kyanwa. Duk abin da zai iya shiga bakinsa amma ba zai iya fita ba, a kawar da shi.

Na biyar, yashin bakin teku da yashin gini da na bakin kwata. Na teku yana da gishiri da ƙazanta, na gini yana da kaifi kuma yakan gauraye da siminti, na kwata kuwa ba sai mun faɗa ba.

Na shida, zaren ɓawon kwakwa shi kaɗai. Ya dace da dabbobin kurmi, domin yana riƙe ruwa, in kuma ya bushe sai ya koma ƙura. Ga dabbar busasshiyar ƙasa, a garin da dama iska take da laima, ƙarin wahala ne.

Na bakwai, dardumar nan kore da ake sayarwa musamman don ƙadangaru. Ba a haɗiye ta, gaskiya ne, amma farce yana sarƙewa a zarenta har ya cire, tana kuma shanye fitsari da kashi, kome wanki ba ta fita tas.

ABUBUWAN DA SUKA DACE

Takarda ita ce ta farko. Tsohuwar jarida ko takardar goge hannu ta kicin, a shimfiɗa ninki biyu ko uku. Ba ta da kyan gani, amma ba abin da ya fi ta ga jariri da marar lafiya da sabon zuwa. Shawararmu ita ce, duk ƙadangaren da ya shigo gida, kome girmansa, ya yi aƙalla mako 6 a kan takarda, jariri kuwa ya zauna a kanta har ya wuce wata 6. Amfaninta shi ne kana ganin kashinsa kullum, ka san ko cikinsa yana aiki, in kuma za a kai wa likita ya duba tsutsa, ga shi nan a shirye.

Ta biyu ita ce tayil, amma mai kaushi, ba mai santsi irin na falo ba, domin a kan mai santsi ƙafafunsa suna zamewa, gaɓoɓi su wahala. Tayil yana riƙe zafi, yana rage tsinin farce, ana goge shi da tsumma cikin minti biyu. Kada a liƙa shi da siminti, a jera shi kawai yadda za a iya ɗagawa a wanke ƙarƙashi. Aibinsa ɗaya ne, ba a haƙa shi, alhali haƙa ɗabi'ar wannan dabba ce.

Ta uku ita ce haɗin ƙasa, ga lafiyayyen babba wanda zafinsa da haskensa suka daidaita. A sami ƙasar sama mai tsabta wadda ba a taɓa zuba wa takin zamani ko taki na dabbobi ko maganin ciyawa ba, a haɗa da wankakken rairayi mai laushi, kamar rabi da rabi, a ƙara ɗan yumɓu ko jar ƙasa domin ya kama. A tankaɗe da rariya a fitar da tsakuwa da fasassun kwalabe, a wanke rairayin har ruwan ya fito garau, a gasa haɗin a tanderu ko a tsohuwar tukunya domin a kashe ƙwari da ƙwayayensu. Gwajin mai sauƙi ne: ka jiƙa shi kaɗan ka dunƙula a hannu. In ya tsaya curi guda, ya yi. In ya zube ta tsakanin yatsu, yashi ya yi yawa. A zuba kaurin santimita 10 zuwa 15, a daddale kamar masu daɓe, a kunna fitilu har samansa ya bushe ƙamas kafin a sa dabbar.

Wanda ke shakka, ga hanya ta tsakiya: tayil a gefen zafi da wurin cin abinci, ɗan kwando mai faɗi cike da haɗin ƙasa a gefen sanyi. In macen ƙadangare gare ka, wannan kwando wajibi ne. Mace tana yin ƙwai ko ba namiji, takan zuba 15 ko 20 ko fiye a lokaci guda, kuma in ba ta sami wurin haƙa ba sai ta riƙe su a ciki, abin ya zama ciwo mai kisa.

Kowace shimfiɗa aka zaɓa, a ba shi abinci a faranti. Ƙwaro kuma kada ya wuce faɗin da ke tsakanin idanunsa biyu.

KAYAN CIKI

A sa faffaɗan dutse ko ƙaton reshe ƙarƙashin fitila, da maɓoya biyu, ɗaya a gefen zafi ɗaya a gefen sanyi. Fasasshiyar tukunyar ƙasa da aka goge bakinta, in an kife ta, maɓoya ce mai kyau. A sa ɗan kwanon ruwa marar zurfi a gefen sanyi. Abu guda da za a kiyaye: dutse mai nauyi ya zauna a kan katakon ƙasan akwati, sa'an nan a zuba ƙasa kewaye da shi. In aka ɗora shi a kan ƙasa, ƙadangaren zai haƙa ƙarƙashinsa, dutsen ya danne shi.

GARGAƊI GA MU DA KE NAN GIDA

Littattafan kiwon wannan dabba, Turawa ne suka rubuta don ƙasashen sanyi. Damuwarsu yadda za su ɗumama akwati. Tamu damuwar daban ce. Laimar iskar da yake so kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ce, a Ankara da Kumasi da Sakunde kuwa yawancin shekara tana ninka haka. Laima tana kawo masa ciwon huhu da na fata, tana kuma sa ƙasa ta yi fumfuna. Saboda haka ga mutanen kudu, tayil ya fi haɗin ƙasa aminci, tagogin iska su yi yawa, a sayi ma'aunin laima, kada kuma a riƙa fesa ruwa a ciki. Mutanen Tamale da Boku da Wa sun fi samun sauƙi, musamman lokacin hunturu, amma su kuma a watan Maris da Afrilu sai sun lura kada gefen sanyi ya koma tanderu. A ajiye akwati a ɗaki mafi sanyi a gidan, a sa ƙwan fitila mai ƙaramin ƙarfi.

Sai maganar wuta. Lantarkinmu bolt 230 ne. Fitilar da ɗan'uwa ya aiko daga Ingila ko Jamus za ta yi aiki, amma ta Amurka an yi ta ne don bolt 120, in aka sa ta kai tsaye sai ta ƙone. Ɗauke wuta na yini guda ba zai kashe shi ba a irin zafinmu, sai dai a rage masa abinci har wuta ta dawo. Muna kuma da abin da Bature yake nema da kuɗi, watau rana. A fitar da shi hantsi cikin kejin waya mai rufi, rabinsa a inuwa, mutum yana tsaye a kai saboda shirwa da kyanwa. Amma kada a kuskura a ajiye shi a rana cikin akwatin gilashi ko roba, cikin 'yan mintoci zafi zai gama da shi.

Maganin sauro na feshi da na ƙonawa guba ne gare shi, kada a yi amfani da su a ɗakin da yake. Fara da kyankyaso da aka kamo a gona ko a bayan gida, ba a san abin da suka ci ba. Wanda kuma zai shigo da shi daga waje, ya fara tuntuɓar hukumar likitocin dabbobi da sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji domin takardun izini. In ya gaji da shi, ya nemi mai karɓa, kada ya sake shi a daji.

TSABTA DA LAFIYAR YARA

Ko lafiyayyen ƙadangare yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsa, mai sa zawo da zazzaɓi, kuma shimfiɗar nan ita ce matattararta. Tsakanin 2012 da 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga mutum 166 a jihohi 36 da suka kamu ta hanyar wannan dabba, yawancinsu ƙananan yara. Hukumar tana ba da shawara kada yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya taɓa shi. A gidajenmu da ake cin tuwo da hannu, yara kuma suna rarrafe a tsakar gida ɗaya, wannan ba abin wasa ba ne.

A kwashe kashi kullum tare da ƙasar da ke kewaye da shi. Takarda a canja ta da zarar ta ɓaci, tayil a wanke shi mako-mako, haɗin ƙasa kuma a zubar da shi a sake sabo bayan 'yan watanni. A ware masa bokitinsa da sosonsa. Kada a wanke kwanonsa inda ake wanke kwanukan abinci, kada a zubar da ruwan inda ake alwala. A wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, kada kuma a bar yara su sumbace shi.

Bahaushe ya ce ƙadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Wanda bai shirya ba, haka wannan kiwo zai zame masa: yaro yana kuka ba a iya rabuwa da dabba, dabba kuma tana ramewa a kan ido. Saboda haka iyaye, kafin ku ce to, ku lissafa kuɗin akwati da fitilu da wuta da abinci na shekara 10. In ba za a iya ba, a saya wa yaro tantabaru biyu, ba abin kunya ba ne. In kuwa za a iya, a daidaita zafi, a kunna haske, a fara da takarda, ƙasa ta biyo baya.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abincinsa, da ganyayen kasuwanninmu waɗanda suka dace da shi da waɗanda ba su dace ba. Kafin nan, kada kowa ya ba shi ɗanyen ganyen kontomire ko piya. Mai tambaya ya rubuto mana ta hannun edita kamar yadda aka saba.